Kaki ɗaya, tukunya biyu: daga 'yan doka zuwa 'yan sandan sarauniya

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Ranar Asabar da ta wuce, da sassafe, ɗan ƙanwar babarmu ya buga mini ƙofa. Yana sanye da kaki, idonsa ja wur, ka san a bakin aiki ya kwana. Muka gaisa, na sa aka kawo masa shayi, ya daɗe yana juya cokali kafin ya ce, "Yaya, dubu biyar nake so ka ranta mini, yarinya ce ba lafiya, an rubuta magani." Na ce masa, kai da nake gani kullum a caji ofis, wata bai yi ba ne? Ya yi wani murmushi da har yanzu bai bar raina ba, ya ce, "Yaya, mu ai watanmu ba ya yi. Abin da oga ya miƙo maka, shi ke nan."

Shi ɗan sandan sarauniya ne, irin waɗanda aka ɗauka da sunan aikin tsaron unguwanni. Yana tsayuwa a kanta, yana bin motar sintiri, ana tura shi ya taho da mai laifi, yana gadin masallacin Juma'a da filin Idi. Kakinsa da na abokin aikinsa sai ka lura sosai za ka ga bambanci. Amma ƙarshen wata wancan wayarsa za ta yi ƙara, shi tasa shiru.

Bayan ya tafi na zauna ina kallon wani tsohon hoto da ke rataye a ɗakin babarmu tun muna yara. Kakanmu ne, wato kakana kuma kakansa shi ma, tsaye ƙiƙam da jar dara da kulki a hannu. Ɗan doka ne na En'e. Sai na ga ashe abin da ya samu kaka shi ne yake samun jika, suna kawai aka canza. Shi ya sa na ce bari in ɗan bi tarihin abin, don mu daina ɗauka cewa jiya aka fara.

Aikin ɗan sanda irin na zamani a ƙasar nan daga Legas ya faro. Da Turawan Ingila suka karɓe Legas a 1861, sun kafa 'yar ƙaramar rundunar gadi ta mutum 30. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawan da ke can, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya ba su bindiga. Zuwa 1879 wannan runduna ta Hausawa ta kai mutum 1,200. Kamfanin Royal Niger, wanda yake kasuwanci a bakin Kwara, shi ma yana da nasa dakarun a Lokoja. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu, aka samu Rundunar 'Yan Sandan Najeriya guda ɗaya, hedikwata a Legas. Wannan ita ce ta gwamnati, ita ce 'yar gaban goshi.

To amma mutanen wannan runduna ba su da yawan da za su riƙe ƙasa kamar Arewa. A Sabon Gari da layin dogo da unguwar Turawa aka fi ganinsu. Cikin birni da ƙauyuka, inda mafi yawan jama'a suke, wasu ne suke aikin. Da farko dogaran sarki ne, waɗanda suna nan tun kafin Bature ya zo. Daga baya, a shekarun 1920, aka fara ware wasu ana ba su kaki da fareti, a Kano aka kira su 'yan gadi, sannan sunan 'yan doka ya bi ko'ina. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, kuma muƙami ne babba da aka fi ba 'ya'yan sarauta. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe shi a Kano a ƙarshen shekarun 1950, kafin ya tafi jakadanci Senegal, kafin ya hau gadon sarauta a 1963.

Ga inda maganar take. Ɗan sandan gwamnati daga asusun gwamnati ake biyansa, da tsarin albashi guda, da bariki, da horo cikakke. Ɗan doka kuwa daga baitulmalin En'ensa ake biyansa. In En'e mai arziki ce irin Kano ko Katsina, da ɗan dama-dama. In ƙaramar En'e ce mai ɗan haraji kaɗan, to albashin ma haka yake. Mutum biyu masu aiki iri ɗaya, a lardi ɗaya, amma tukunyar kowa daban. Kuma Bature ya san abin da yake yi, domin riƙe ƙasa da ɗan doka ya fi masa araha nesa ba kusa ba.

Babarmu tana ba mu labari cewa Kaka shi ne mai rakiyar haraji, shi ne mai kai sammacin alƙali, shi ne mai bin sawun ɓarawon shanu a ƙafa, wani lokaci kwana biyu ba a gan shi a gida ba. Amma da damina ta sauka dole ya nemi izini ya je gona, don albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Ta ce ranar kasuwa yakan dawo da ƙullin gishiri, da 'yar daddawa, wani lokaci har da kaza. Muna yara muna ɗauka kyauta ce ta girmamawa. Sai da na girma na gane wace irin kyauta ce mai talla yake yi wa mutumin da yake riƙe da kulki.

Ba zan wanke 'yan doka tas ba don kawai kakana yana cikinsu. Duk wanda iyayensa suka yi NEPU ya san abin da aka yi da su a shekarun 1950 da farkon 1960: kamu, duka, hana taro, jan mutane gaban alƙali a kan siyasa. Wannan ya faru, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa aka rushe su. Amma ku tambayi kanku, wane irin ma'aikaci ne ya fi sauƙin juyawa? Wanda abincinsa yake hannun mutum ɗaya, ba shi da wata takarda da za ta kare shi in an kore shi yau.

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka sa 'yan doka ƙarƙashin Sufeto Janar, sannan gwamnatin Janar Gowon ta yanke shawarar a haɗe su da rundunar tarayya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 aka yi wannan aiki, lokacin Kam Salem yana Sufeto Janar. Sai dai ba kowa aka ɗauka ba. An yi tantancewa, ana duba karatun boko da shekaru da lafiyar jiki. Wanda ya tsallake ya zama ɗan sanda. Wanda bai tsallake ba ya koma gida. Kakanmu yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko sai sa hannu, ga shekaru sun ja. Aka sallame shi. Ya ƙare rayuwarsa yana gadin wani sito da dare, da fitilar ƙwai da wannan kulkin dai na cikin hoto. Allah Ya jiƙansa.

Mutum zai ɗauka daga nan an gama da tsarin tukunya biyu, tunda runduna ta zama ɗaya. Ina! Ba a daɗe ba aka sake buɗe wata ƙofar.

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika tituna da motoci, aka kafa masu ba da hannu, waɗanda kowa ya sani da yalo fifa saboda launin rigarsu. Ƙarƙashin rundunar 'yan sanda suke, DPO ne yake tura su aiki, amma tsaninsu daban, kuma gajere ne. Kurtun ɗan sanda, in Allah Ya ba shi tsawon rai da sa'a, zai bi kofur, saje, sufeto, har ya taka sahun manyan jami'ai. Mai ba da hannu kuwa matakan da doka ta tsara masa 'yan kaɗan ne, sai ya kai ƙarshensu ya tsaya cak. Shekara da shekaru suna kuka a kan ƙarin girma, suna kai ƙorafi majalisa a ba su hukumarsu ta kansu. Ku tuna dattijon da kuke gani a shataletale tun kuna firamare, rana ta dake shi, hayaƙi ya shige masa ƙirji, direbobi su zage shi. Nawa ne a cikinmu muka taɓa tambayar da wane matsayi ya yi ritaya?

Sai kuma 'yan sandan da ake kira SPY. Su dokar 'yan sanda ta ba da dama kamfani ko banki ko wata ma'aikata ta nemi a horar mata da mutane, a sa musu kaki, su yi mata gadi ko tuƙi, ita kuma ta ɗauki nauyin biyansu. Kun ga an koma zamanin kamfanin Royal Niger ke nan ta bayan gida. Matsalar ita ce, in rigima ta taso, na waye su? Kamfani ya ce ai 'yan sanda ne, je ku wurin runduna. Runduna ta ce ai kamfani ne ya ɗauke ku. Wannan ba tatsuniya ba ce. Masu gadin kamfanin Mobil a jihar Akwa Ibom, mutum wajen 860, sun yi shekaru kusan goma sha takwas suna shari'a a kan wannan tambaya guda. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2009, kamfani ya ɗaukaka, sai a watan Afrilun 2018 Kotun Ƙoli ta rufe magana, ta ce ma'aikatan Mobil ne, a ba su haƙƙinsu kamar sauran ma'aikata. Shekara goma sha takwas fa, don kawai mutum ya san waye uban gidansa. Wanda ya shiga shari'ar da ƙuruciyarsa, da furfura ya ji hukunci.

Yanzu mu zo kan su ƙanina. A watan Agustan 2020 gwamnatin Buhari ta amince da naira biliyan 13.3 don fara shirin 'yan sandan al'umma. A watan Satumba na shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da asalinta tun 1943. Aka ɗebi matasa daga ƙananan hukumomi, sarakuna da masu unguwanni suka sa musu hannu, aka kai su makarantun horo na 'yan makonni, aka ba su kaki. A takarda, aikin sa-kai ne, na mutumin da yake da sana'arsa, ya ba da 'yan sa'o'i don unguwarsu. A zahiri kuwa, wa ya je ya cika fom? Yaran da suka gama sakandare da difloma suna zaune a dakali. Kowannensu da tunanin cewa in ya yi haƙuri wata rana za a mayar da shi cikakken ɗan sanda. Waɗanda suka ɗauke su sun san haka sarai.

A watan Agustan 2022 wasunsu suka fito zanga-zanga a Osogbo ta jihar Osun, da kakinsu, suna cewa wata goma sha takwas ba a ba su ko kwabo ba. A Ilorin ma an yi. Amsar da hedikwata ta bayar ita ce, ai tun farko an gaya muku aikin sa-kai ne, ba albashi. A watan Oktoban 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce a Kano da aka sa tubabbun 'yan daba 50 a cikinsu. A Disambar shekarar wani bidiyo ya karaɗe duniya, wasu biyu a jihar Oyo suna roƙon wata Baturiya mai yawon duniya a kan babur ta ba su kuɗi. Aka kore su, aka nuna su a talabijin ana cire musu kaki. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta fito ta ce ko a bambanta kakinsu, ko a gyara tsarin, ko a rushe shi. Abin da suka yi ba daidai ba ne, ban ce daidai ba ne. Amma ni da na kalli bidiyon, ƙullin gishirin Kaka na tuna. A 2024 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Abuja ta yanke hukunci cewa a biya dubban irin waɗannan ma'aikata bashin shekarun da suka yi suna aiki. Ƙanina dai ranar Asabar rancen dubu biyar ya zo nema.

Akwai wasu ma da ba sa sa kaki ko kaɗan, kuma ba mai maganarsu: mai shara a caji ofis, mai dafa wa waɗanda aka tsare abinci, makanikin da yake tayar da motar sintiri, mai buga takardu, yaron da ake aika ya sayo mai. In waɗannan suka zauna a gida kwana uku, ofis ya tsaya. Na san wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, ta fi shekara goma tana share wani ofis, ba takardar ɗauka aiki, ba komai. Abin da ake tattara mata ranar Juma'a shi ne albashinta. In aka canza shugaban wurin, sai ta sake gabatar da kanta kamar baƙuwa.

Kafin abokaina 'yan sanda su cika mini akwatin saƙo, bari in faɗi nasu. Na san kallon kitse ake yi wa rogo. Cikakken ɗan sandan ma ba a aljanna yake ba. A watan Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda sun tafi yajin aiki, abin da ba a taɓa gani ba, a kan bashin alawus da ƙarin girma, kuma bai daɗe ba aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. Sai da aka yi zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 kafin gwamnati ta amince da ƙarin kashi 20 cikin 100 a Disambar 2021, ƙarin da tsadar kaya ta haɗiye tun kafin a saba da shi. Dokar fansho ta 2004 ta sa su cikin tsarin adashin gata, daga baya aka cire sojoji da jami'an tsaro na farin kaya, su aka bar su. A watan Yulin 2025 mun ga tsofaffin 'yan sanda a titunan Abuja suna zanga-zanga a kan ɗan abin da ake ba su bayan shekara 35 na aiki. Doka kuma ta hana su kafa ƙungiyar ƙwadago. Bariki kuwa, wanda ya taɓa shiga ya sani.

Duk da haka akwai abin da cikakken ɗan sanda yake da shi wanda na bayansa ba shi da shi. Yana da lambar aiki. Yana da ranar da albashi yake shigowa, ko kaɗan ne. Banki zai ba shi bashi a kan wannan albashin. Yana da tsanin hawa. In ya mutu a bakin aiki, matarsa tana da fayil da za ta bi, ko da za ta sha wahala kafin ya fito. Ƙanina fa? Na tambaye shi, in aka harbi motarku a hanya, kai da kofur ɗin da ke gefenka kuka faɗi tare, me za a ba matarka? Ya ce, "Sai dai abin da 'yan ofis suka haɗa." Ɗan bindiga ba ya tambayar lambar aiki kafin ya harba. Ɗan daba ba ya duba bajo kafin ya sara. Haɗari ɗaya ne, rana ɗaya ce take dukansu, amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma abin haushin, a nan gardin ma ba wani abin kirki yake samu ba.

Abin da tarihin nan ya koya mini guda ɗaya ne. Babu ɗan sanda na kyauta. Duk wanda aka ba kaki aka hana shi albashi, to akwai mai biyansa, kuma talaka ne. Jiya mai tallan daddawa ce a kasuwar ƙauye. Yau ɗan acaɓa ne, da mai adaidaita, da uban da aka ce beli kyauta ne amma ya san sai ya miƙa. Gwamnati tana ganin ta yi tsimi, alhali ta mayar da kuɗin ne kan wanda ya fi kowa rauni, kuma ta sayar da mutuncin kakin a kan naira ɗari biyu.

Na kawo wannan magana yanzu ne saboda ana ta batun 'yan sandan jihohi, kuma jihohi sun riga sun fara nasu. Borno tana da 'yan Civilian JTF tun 2013. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020. Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta kawo Askarawa a Janairun 2024. Waɗannan yaran suna mutuwa a daji don mu yi barci, Allah Ya saka musu. Amma in ba a yi hankali ba, En'e za a dawo da ita da sabon suna: jiha mai kuɗi ta biya, jiha marar kuɗi ta ci bashin wata takwas, kuma wanda yake riƙe da albashin ya juya su yadda yake so ranar zaɓe. Mun taɓa ganin wannan fim ɗin, kakanninmu ne 'yan wasan.

Ni ba masanin tsaro ba ne, amma ga abin da nake gani. In aikin sa-kai ne da gaske, to a bar shi sa-kai: 'yan sa'o'i a sati, ga mai sana'a, a unguwarsa, da riga daban da kowa zai gane. In kuwa za a sa mutum kwanan dare da sintiri kamar kowa, to ma'aikaci ne, a ba shi takarda, a biya shi, kada ya gaza mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a kansa a 2024. A yi wa duk mai fita aiki inshorar rai da ta rauni, ko da kaki ko ba kaki. Wanda ya yi shekara uku ko huɗu ba a same shi da laifi ba, a ware masa gurbi in an tashi ɗaukar sababbin kurata, maimakon ya tsaya yana kallo ana kawo masu takarda daga sama. In kuma ba za a iya ko ɗaya ba, a sallame su da mutunci su nemi wata hanyar tun da sauran ƙarfinsu, kada a riƙe su da gobe-jibi har su tsufa kamar yadda Kaka ya tsufa.

Na ba ƙanina kuɗin, na ce ba rance ba ne. Na kuma ce masa ya koma shagon walda da ya bari, ko rabin yini ne. Ya ce, "Yaya, in na bari yanzu kuma aka zo ɗauka fa? Shekara nawa na zuba." Ban samu amsar da zan ba shi ba. Yarinyar dai ta samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Wanda yake da ɗan uwa a wannan aikin, ko shi kansa yana ciki, ya gaya mana yadda abin yake a jiharsu, ko akwai inda ake ba su wani abu a wata. Kada a kama sunan kowa don Allah, kada mu ja wa wani kora. Waɗanda kuma kakanninsu suka yi aikin doka, ina so in ji ko an ɗauke su lokacin haɗewa ko an sallame su.

Allah Ya kyauta, Ya kare masu kare mu.